Yadda za ki yi idan jikin yaronki ba ya jituwa da kyanwa

Akwai yaran da da zarar sun ɗauki kyanwa, ko sun shiga ɗakin da take kwana, sai atishawa ta ɓarke musu, ido ya kaɗa ya yi ja, hanci ya kama yoyo. Wani fatarsa ce take tashi ruɗu-ruɗu da borin jini, wani kuma a ƙirji abin yake sauka, ya kwana yana tari. Na sha kula da irin waɗannan yara a ɗakin jinya, kuma abin da zan jero miki a nan shi nake gaya wa iyayensu mata kafin a sallame su.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga farko. Mutane na cewa gashin kyanwa yaro ya haɗiya, shi ya sa masa fuka. Ba daga gashin abin yake fitowa ba. Wani sinadari ne da likitoci ke kira Fel d 1, yana cikin miyaun kyanwa da maiƙon fatarta. Tana lashe jikinta, miyau ya bushe, ya tashi a iska ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya gani, ya manne a katifa, labule, kafet da tufafi. Garkuwar jikin wasu yara takan ɗauke shi a matsayin abokin gaba, sai ta saki sinadarin histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi da majina. Don haka korar kyanwa daga ɗaki na minti biyar ba ya raba yaro da abin da ke damunsa. Abin yana nan a shimfiɗarsa.

Kayan da za ki tanada

Ruwa mai tsabta da sabulu mara turare, tawul ko tsumma mai laushi wanda na yaron ne shi kaɗai, da kayan canji.

Ruwan gishiri na wanke hanci. Ana samun na kwalba a kemis. In babu, tafasa ruwa, bar shi ya huce, ki zuba rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofi ɗaya. Wanda kika haɗa yau, yau zai ƙare, gobe ki haɗa sabo.

Maganin ƙaiƙayi da atishawa: cetirizine ko loratadine, na ruwa ga ƙanana, ƙwaya ga manya. Ki haɗa da sirinji mara allura ko ɗan kofin awo da ke zuwa cikin kwalin.

Inhela ta salbutamol, wato maganin asma na shaƙa, wadda aka fi sani da Ventolin, idan likita ya taɓa rubuta wa yaron, tare da bututun shaƙa. In babu bututun, gorar roba ta rabin lita tana yin aikin. Zan faɗi yadda ake haɗa ta.

Ruwan shafawa na calamine da man kaɗanya ko basilin.

Bokiti, mofa ko tsumman goge ƙasa, da takunkumi ga mai share-share.

Littafi da biro. Kada ki raina wannan, shi zai fi taimaka wa likita.

Mataki na 1: Raba shi da kyanwar

Ɗauke yaron ki fitar da shi tsakar gida ko wani ɗakin da kyanwar ba ta shiga. Yaron za ki fitar, domin iskar ɗakin da take zama cike take da abin. Ki riƙe masa hannu kada ya murza ido, murzawar ce ke kai abin cikin idon ta ƙara kumbura shi.

Mataki na 2: Dubi numfashinsa kafin komai

Kafin ki nemi sabulu ko magani, ɗaga rigarsa ki kalli ƙirji da ciki. Nan ne za ki san ko na gida ne ko na asibiti. Ki tashi a tafi asibiti nan take idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: fatar tsakanin haƙarƙari ko ramin wuya na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ƙirjin na fito kamar usur (in mai asma ne da aka rubuta wa inhela, duba Mataki na 7), ya kasa gama magana ba tare da ya tsaya shan iska ba, ko jariri ya kasa kama nono, leɓe, harshe ko fuska sun kumbura, murya ta dusashe, ko miyau na dalala don ya kasa haɗiya, leɓe ko harshe sun sauya launi sun yi duhu, jikinsa ya saki, yana lumshe ido, ko ya suma, ko borin jini ya game jiki ga amai.

Ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif da agogon waya, yana kwance ko zaune ba kuka yake ba. Jariri daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50 a minti, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi sauri. Saurin numfashi shi ma yana cikin alamun tafiya asibiti.

Ba kasafai kyanwa ke jawo mummunan nau'in nan da ke toshe maƙogwaro ya sauke hawan jini ba. Abinci irin su gyaɗa, da harbin zuma, da wasu allurai sun fi kawo shi. Amma in ya zo, maganinsa allurar adrenalin ce a cinya, ba sirof ba, ba tofi kaɗai ba. A yi addu'a a kan hanya. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, sai dai in akwai mota ko a-daidaita-sahu a ƙofar gida, kada a tsaya jiran kowa. Mai wahalar numfashi a bar shi a zaune. Wanda jiri ke ɗiba a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Kada a ɗura masa manja, madara ko ruwa, zai iya shaƙewa ya wuce huhu.

In ba ki ga ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu ba, ci gaba a gida.

Mataki na 3: Wanka da canjin kaya

Wanke hannu da fuska da sabulu, in da hali a yi wanka har da kai, domin gashin yaro na riƙe abin ya kai shi kan filo. Ruwan ya zama mai ɗan sanyi ko ɗumi kaɗan, ruwan zafi na ƙara ƙaiƙayi. Cire kayan a hankali, kada ki kakkaɓe su a ɗaki, zuba su cikin bokitin wanki kai tsaye. Ke ma in kin taɓa kyanwar ko ta hau cinyarki, canza zani kafin ki goya shi. Iyaye mata da yawa sukan wanke yaro tas, sannan su rungume shi da hijabin da kyanwar ta kwana a kai.

Mataki na 4: Ido da hanci

Zuba ruwa mai tsabta a hankali daga gefen hanci zuwa gefen kunne, ido ɗaya bayan ɗaya. Jiƙa tsumma da ruwan sanyi, na randa ma ya isa, ki ɗora kan idon a rufe na minti biyar zuwa goma. Ruwan gishirin da kika haɗa a gida na hanci ne kawai; na ido sai na kwalba da aka rufe daga kamfani.

A hanci kuwa, ɗiga biyu ko uku a kowace ƙofa, ki jira kaɗan, ya fyace. Jaririn da bai iya fyacewa ba, share masa abin da ya fito.

A nan ne ake yawan yin ɓarna. Kada ki sa masa kwalli, ruwan nono, ruwan sukari ko ruwan ganye a ido. Kuma kada ki karɓi maganin ɗigawa daga mai kemis ba tare da kin karanta jikinsa ba. Duk wanda ke ɗauke da dexamethasone ko betamethasone yana kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya, shi ya sa ake sonsa, amma yawan amfani da shi na kawo hawan ruwan ido da yanar ido ga yaro. Sai likitan ido ya duba ya rubuta. Haka ma maganin buɗe hanci mai xylometazoline, ba na ƙananan yara ba ne sai da izinin likita, kuma in aka wuce mako ana ɗiga shi, hancin kan koma ya toshe fiye da da.

Mataki na 5: Ba da magani daidai awo

Cetirizine: daga shekara 2 zuwa 5, miligiram 2.5 sau biyu a rana. Daga 6 zuwa 11, miligiram 5 sau biyu. Daga 12 zuwa sama, miligiram 10 sau ɗaya. Yawancin na ruwa miligiram 5 ne a cikin mililita 5, wato ɗan shekara 3 zai sha mililita 2.5, amma duba kwalbarki, ƙarfinsu kan bambanta.

Loratadine da nauyi ake bi: daga shekara 2, wanda bai wuce kilo 30 ba miligiram 5 sau ɗaya a rana, wanda ya wuce kuma miligiram 10.

In waɗannan biyun ba su samu ba, akwai chlorpheniramine, wato Piriton, kusan kowane kemis yana da shi. Daga shekara 2 zuwa 5, miligiram 1 duk bayan awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce miligiram 6 a yini. Daga 6 zuwa 11, miligiram 2, kada ya wuce 12. Yana aiki, amma yana sa barci da kasala, yaro ya je makaranta yana gyangyaɗi, wani kuma ya birkice da rigima. Ni dai na ɗauke shi na maneji, ba na kullum ba.

Ɗaya za ki zaɓa, ba a haɗa biyu. Ki duba maganin murar da kike ba shi, da yawansu akwai chlorpheniramine a ciki, sai ki ninka ba ki sani ba. Cokalin cin abinci ba ma'auni ba ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba kuwa, kada ki ba shi ko ɗaya sai ma'aikacin lafiya ya gan shi. Maganin kan fara aiki cikin kamar awa ɗaya, saboda haka kada ki ƙara don kin ga minti goma shiru.

Amoxicillin da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba su da aiki a nan. Ƙwayar dexa da prednisolone da ake ƙullawa a leda ma ki bar su sai likita ya ce.

Mataki na 6: Fata, da inda ta yakushe shi

Borin jini yakan tashi inda kyanwar ta lasa ko ta goga jikinta, ya ɓace cikin awanni ya fito wani wuri. Tsumma mai sanyi da calamine sun isa, ki yanke masa farce. Mai busasshiyar fata a shafa masa man kaɗanya ko basilin bayan wanka tun jikin da danshi. Mayukan nan masu haɗin magani uku da ake shafa wa kowane ƙurji, ki nisanta su da fatar yaro.

Yakushi ko cizo wata magana ce daban. Wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a kai shi asibiti a ranar, musamman in kyanwar ta titi ce ko ba a yi mata rigakafi ba, domin kyanwa ma na ɗaukar ciwon haukan kare. In bayan mako ɗaya zuwa uku kaluluwa ta fito a hammata ko wuya, gaya wa likita cewa kyanwa ta taɓa yakushinsa. Zagayayyen tabo mai ɓarɓashi a kai ko a fuska kuwa makero ne, 'ya'yan kyanwa na yaɗa shi, kuma cetirizine ba ya taɓa shi.

Mataki na 7: Idan abin ya sauka ƙirji

Wannan ga yaron da aka riga aka san yana da asma, aka rubuta masa inhela. Wanda yau ne karon farko da ƙirjinsa ya yi fito, asibiti za a kai shi.

Zaunar da shi a miƙe. Girgiza inhelar, sa ta a bututun shaƙa, danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida. Jira rabin minti zuwa minti ɗaya, girgiza, sake dannawa. Ɗaya-ɗaya ake yi, ba a danna biyu a haɗe. Bi adadin da likita ya rubuta. In abin ya tsananta ana iya kaiwa goma, amma wanda ya buƙaci haka to kuna kan hanyar asibiti ke nan, ko da ya ji sauƙi.

Fesa inhela kai tsaye a bakin ƙaramin yaro asara ce, a harshe da maƙogwaro maganin ke tsayawa. In babu bututu, samo gorar ruwa ta roba mai rabin lita. Zana siffar bakin inhelar a gindinta, huda da wuƙa ko waya mai zafi daidai yadda zai shiga ya matse, ki liƙe gefen da salatif. Wanke gorar da ruwan sabulu ki bar ta ta bushe da kanta ba tare da gogewa ba, don kada maganin ya manne a jikinta. Yaron zai kama bakin gorar da leɓe. Likitocin yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabara, suka ga tana aiki kusan daidai da na kanti. Ƙaramin da bai iya rufe leɓe a bakin gora ba, shi sai mai marufin fuska.

Kashe turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, a nisanta shi da hayaƙin murhu da na janareta.

Mataki na 8: Sa ido a daren

Wani lokaci abin kan lafa da rana, ya dawo bayan awa huɗu zuwa takwas, galibi da tari ko toshewar hanci. Kwantar da shi kusa da ke, a kan wankakken zanin gado. Idan inhela ba ta riƙe shi awa huɗu ba, kada a jira asuba.

Mataki na 9: Tabbatar kyanwar ce

Kyanwa ta sha ɗaukar laifin da ba nata ba. Ƙurar hunturu, kyankyasai, ƙananan ƙwarin da ke cikin tsohuwar katifa, hayaƙin icce, duk suna kawo irin wannan. Mura kan zo da zazzaɓi ko ciwon jiki ta wuce cikin mako guda ko kwana goma. Wannan kuwa ba zazzaɓi, majinar fara ce kamar ruwa, ga ƙaiƙayi, kuma tana dawowa duk sanda aka haɗu. Apolo na zuwa da kwantsa, yana kama 'yan gida bi da bi. Akwai kuma yaran da idonsu ke ƙaiƙayi shekara da shekaru har farin ya koma ruwan ƙasa, ya fi tsananta lokacin zafi. Wannan na likitan ido ne, irin na Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano.

Ɗauko littafin nan. Duk ranar da abin ya tashi rubuta kwanan wata, inda yake, abin da ya taɓa, abin da ya ci, da maganin da kika ba shi. In hutu ya zo, tura shi mako biyu gidan dangin da ba su da kyanwa, da wankakkun kaya. Ya warware a can, ya dawo gida atishawa ta dawo a daren farko? Kin kusa samun amsa.

Tabbaci kuwa sai gwaji: ko a ɗiga sinadarin a fatar hannu a ɗan tsira, a duba bayan minti 15, ko a ɗebi jini. Tambayi sashen yara na manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, su za su faɗi inda ake yi. Kafin gwajin fata akan dakatar da cetirizine da ire-irensa na wasu kwanaki, in ba haka ba sakamakon zai fito babu komai. Mai toshewar hanci kullum, likita kan rubuta masa maganin fesawa a hanci; yana ɗaukar kwanaki kafin ya kama, kada ki yar da shi a rana ta biyu.

Mataki na 10: Ɗakin kwanansa

In abu ɗaya za ki iya daga duk wannan, to wannan ne. Yaro na kwashe awa takwas zuwa goma hancinsa a kan filo. Daga yau kyanwa ba ta shiga ɗakin, dare ko rana, yana nan ko ba ya nan. Ƙofa a rufe, taga da raga, a toshe ƙasan ƙofa in akwai rami.

Naɗe kafet a fitar, leda ko siminti ko tayil sun fi. Wanke zanin gado, rigar filo, bargo, labule da gidan sauro. Da ruwan zafi in yadin zai jure, sannan zanin gado da rigar filo duk mako. Katifar da kyanwa ta saba hawa, a saka ta cikin rigar leda mai zif a shimfiɗa zani a kai. Shanya ta a rana na da kyau, amma rana ba ta cire sinadarin. Filon dai a saya sabo, ba shi da tsada.

Ajiye tsintsiya. Shara a bushe tayar da abin take yi ya koma iska. Jiƙaƙƙen tsumma za ki bi da shi ƙasa, bango, kan durowa da fukafukan fanka. A yi aikin yaron na makaranta, a buɗe tagogi, kuma kada a aike shi shara ko kakkaɓe kujeru. Na'urar tace iska mai matatar HEPA, wato matatar da ke kama ƙananan ƙura, na taimakawa in akwai kuɗi da wuta, amma ba ta maye gurbin rufe ƙofa.

Mataki na 11: Kyanwar, ta zauna ko ta tafi

Hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana. Yaron da abin ke taɓa masa ƙirji, kyanwa ta bar gidan. Wanda nasa atishawa ce da ido kawai, ana iya gwada mayar da ita tsakar gida, sito ko shago na wata biyu ko uku a gani. A ba ta abinci can, wani babba ya riƙa goge jikinta da jiƙaƙƙen tsumma a waje. Wanka na rage abin, amma cikin kwana biyu zuwa mako ya dawo. Muzuru ya fi mace fitar da sinadarin, kuma fiɗiye shi a asibitin dabbobi na rage shi. Aske ta ba ya komai. Masu tallar 'yan kyanwar waje masu tsada a Instagram da ke cewa tasu ba ta tayar da wannan ciwo, ku bar kuɗinku, babu kyanwar da ba ta da miyau.

In za ta tafi, a nema mata gida: mai shagon hatsi, ɗan'uwa a ƙauye mai rumbu, maƙwabcin da yaron ba ya shiga wurinsa. Ba a sa mata guba, ba a ƙulle ta a buhu a jefar. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha yana cikin Bukhari da Muslim. In kaka ce mai kyanwar, maigida ya yi mata magana da lalama, a nuna mata littafin. Fitar da ita ba cewa aka yi najasa ce ba, jikin jikanta ne bai karɓe ta ba.

Ki sani ko bayan ta tafi, sinadarin kan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya ragu sosai a gida. Kada a ga yaro na atishawa bayan mako biyu a ce ashe ba ita ba ce, a dawo da ita. Sannan ki shirya wa ɓeraye, don za su gane ta tafi: tarko, toshe ramuka, abinci a mazubi mai murfi. Ɓera na yaɗa zazzaɓin Lassa, ba a yi maganin wata cuta a buɗe wa wata ƙofa ba.

Mataki na 12: Ziyara, biki da makaranta

Za ku gidan da ke da kyanwa, ba shi cetirizine ko loratadine awa ɗaya kafin ku isa. Ki zaunar da shi a waje ko kan kujerar roba, ban da kafet da kujerun yadi, kuma ban da kwana. Inhela da gorarta su kasance a jakarki, ba a gida kan firij ba. Kuna dawowa, wanka da canjin kaya.

Yaran da ke da kyanwa a gida na kawo sinadarin aji a jikin yunifom, don haka wani yaron a makaranta abin ke kama shi alhali gidansu ba kyanwa. Je ki ga malamin ajinsa na boko da na Islamiyya, ki ba su takarda ɗauke da alamun da za su lura da su, adadin dannawar inhela, da lambobin waya biyu. Shi kansa yaron, daga shekara huɗu ko biyar, koya masa abu uku har ya haddace: kada ya ɗauki kyanwa, in ya taɓa ya wanke hannu kafin ya kai fuska, in ƙirjinsa ya matse ya gaya wa babban da ke kusa nan take.